Sarrafa sauti a manhajar WebRTC

Sarrafa sauti a WebRTC na nufin ayyukan da manhaja ke yi wa murya tun daga lokacin da makirufo ya ɗauke ta har ta fito daga lasifikar mai sauraro, a kiran murya ko na bidiyo da ake yi kai tsaye ta intanet. WebRTC manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa na da damar karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara shi, ya kuma saka shi cikin tasa manhajar kyauta. Kamfanin Google ne ya sake ta a shekarar 2011. A yau da ita burauzoji irin su Chrome, Firefox da Edge suke yin kira, kuma manhajoji kamar Jitsi Meet, BigBlueButton da Signal sun dogara da ita.

Manyan ayyukan su ne kashe amsa-kuwwa, rage hayaniya, daidaita ƙarfin murya, matse sautin don ya bi ta intanet, da cike giɓin da ake samu idan wani ɓangarensa ya ɓace a hanya. Kusan dukkan waɗannan sassa an sake rubuta su ko an kawo madadinsu tun bayan 2011. Sauye-sauyen sun fi karkata ga abu guda: manhajar ta rage yarda da bayanin da na'ura ke ba ta game da kanta, ta koma gano abin da take buƙata daga cikin sautin, daga baya kuma aka fara shigo da sassan da aka horar da su da ɗimbin muryoyi da hayaniya. Babu gyaran da ya zo a banza, domin duk abin da ke cire amsa-kuwwa ko hayaniya yakan ɗan taɓa muryar ita kanta.

Asali

Yawancin sashen sauti na WebRTC ba a Google aka fara rubuta shi ba. Aikin wani kamfani ne mai suna Global IP Sound, wanda aka kafa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1999, daga baya ya koma Global IP Solutions, ana taƙaita sunan da GIPS. Kamfanin yana sayar da lasisin manhajar murya ga masu yin manhajojin kira ta intanet, kuma Skype na cikin waɗanda suka yi amfani da fasaharsa a shekarunsa na farko. GIPS ne ya ƙirƙiro hanyoyin matse murya guda biyu, iLBC da iSAC, da kuma NetEQ, sashen da ke daidaita sauti idan intanet na tangarɗa. Google ya saye shi a watan Mayun 2010 kan kimanin dala miliyan 68, sannan bayan shekara guda ya saki fasahar ga kowa a ƙarƙashin lasisin BSD.

Hukumomi biyu ne suka tsara ƙa'idojin WebRTC. W3C ta kula da yadda shafukan intanet ke neman izinin makirufo da kyamara, IETF kuma ta kula da yadda bayanai ke tafiya tsakanin na'urori. A watan Fabrairun 2013 aka yi kiran farko tsakanin Chrome da Firefox, a watan Janairun 2021 kuma W3C ta amince da WebRTC 1.0 a matsayin cikakkiyar ƙa'ida. Takardar da ta shafi sauti ita ce RFC 7874 ta 2016, wadda Jean-Marc Valin da Cary Bran suka rubuta. Ta wajabta wa kowace burauza ta iya amfani da Opus da G.711, ta kuma ba da shawarar a samu abin kashe amsa-kuwwa, amma ba ta faɗi yadda za a gina shi ba. Saboda haka abin da mafi yawan mutane ke ji a kira ya dogara ne da yadda Google ya rubuta nasa kundin, wanda ake kira libwebrtc, ba da wata rubutacciyar ƙa'ida ba.

Hanyar da sauti ke bi

Na'ura tana auna sautin da ke shiga makirufo sau dubbai a daƙiƙa, kowane awo ya zama lamba. A kwamfuta da wayoyin zamani yawanci sau 48,000 ne a daƙiƙa. Sashen sarrafa sauti, wanda masu manhaja ke taƙaita sunansa da APM, ba ya jiran jimla ta ƙare. Yana karɓar sautin yanki-yanki, kowane yanki milisakan 10, milisakan ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ke nan yanki guda na ɗauke da awo 480, kuma dole a gama da shi kafin na gaba ya iso. Don rage wa na'ura nauyi ana raba sautin zuwa zango uku, na ƙasa daga sifili zuwa kilohaz 8, na tsakiya zuwa 16, na sama zuwa 24. Yawancin lissafi a zangon ƙasa ake yin sa, inda mafi yawan maganar ɗan Adam take.

Sauti iri biyu ke shiga wannan sashe: wanda makirufo ya ɗauko, da wanda ake shirin fitarwa ta lasifika. Na biyun ana riƙe shi ne don a san abin da zai iya dawowa cikin makirufo. Daga nan sautin makirufo ya bi ta mataci mai cire gunjin ƙasa-ƙasa, sai mai kashe amsa-kuwwa, sai mai rage hayaniya, sai mai daidaita ƙarfin murya. Wannan jeri ba haka kawai aka yi shi ba. Mai kashe amsa-kuwwa yana buƙatar sautin kusan yadda ya fito daga makirufo, domin idan an riga an taɓa shi ba zai ƙara yin daidai da abin da lasifika ta fitar ba.

Lokaci shi ne babban takunkumi. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba daga baki zuwa kunne ba ya damun yawancin masu hira, wanda ya haura 400 kuwa bai dace ba. Daga cikin wannan ɗan lokaci ne intanet, matse sauti da sarrafa shi kowanne ke ɗibar rabonsa.

Kashe amsa-kuwwa

Idan ana kira da lasifika a buɗe, muryar mutumin da ke nesa tana fita cikin ɗaki, ta bugi bango da tebur, ta koma cikin makirufo, a sake aika masa da ita. Sai ya ji kansa bayan ɗan lokaci. Mai haddasa matsalar ba ya jin ta, na ɗaya ɓangaren ne ke shan wahala, kuma gwargwadon tsawon jinkirin gwargwadon yadda take hana magana.

Maganin ya girmi intanet. A 1960 Bernard Widrow da Ted Hoff suka fito da lissafin da ke ba mataci damar gyara kansa daga kuskurensa, a 1967 kuma Man Mohan Sondhi na Bell Labs a Amurka ya wallafa yadda za a yi amfani da irin wannan lissafi a kashe amsa-kuwwar layukan tarho masu nisa. Dabarar ita ce manhaja ta koyi yadda ɗaki ke sauya sauti, ta ƙera kwafin amsa-kuwwar da take tsammani, ta cire shi daga abin da makirufo ya ɗauko. Abin da ya rage shi ne muryar na kusa.

A takarda abin mai sauƙi ne, amma a kwamfuta abubuwa da dama na ɓata lissafin. Na farko, dole a san tsawon lokacin da sauti ke ɗauka daga fitarsa daga manhaja zuwa dawowarsa, kuma wannan ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, har ma yakan sauya ana tsakiyar kira. Na biyu, idan makirufon na jikin kyamara ne lasifikar kuma na kwamfuta, kowanne da nasa agogon, a hankali sai su saɓa. Na uku, ƙananan lasifikan waya da na kwamfutar tafi-da-gidanka suna murɗe sauti idan an ƙure su, kuma mataci ba ya iya kwaikwayon wannan murɗiya. Na huɗu, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne lokacin da ɓangarorin biyu ke magana tare, kamar yadda ake yi a gaisuwa inda ake amsawa tun kafin ɗaya ya rufe baki. A irin wannan lokaci mataci na iya ɗaukar muryar na kusa a matsayin kuskuren da zai gyara, ya lalata abin da ya koya.

Saboda cirewa kaɗai ba ta isa, bayan matacin akwai mataki na biyu mai danne ragowar amsa-kuwwa ta hanyar rage ƙarfin sautin a wuraren da ake zargin tana nan. A nan ne ake ciniki. Idan aka danne da ƙarfi amsa-kuwwa ta tafi, amma muryar na kusa takan yanke duk lokacin da na nesa ya yi magana, kiran ya koma kamar na rediyon oba-oba. Idan aka sassauta muryar ta fito sarai, amsa-kuwwa kuma ta leƙo.

WebRTC ta fara da masu kashe amsa-kuwwa biyu da ta gada daga GIPS. Ɗaya na kwamfuta ne, ɗayan kuma, mai suna AECM, an yi shi ne don wayoyin hannu na wancan lokaci, yana da sauƙin lissafi kuma yana aiki da sauti mai awo 8,000 ko 16,000 a daƙiƙa. Na kwamfutar yana da gajeren mataci mai rufe kimanin milisakan 48, kuma yana dogara da jinkirin da tsarin aikin kwamfuta ya faɗa masa. Idan Windows ko direban katin sauti ya ba da adadin da ba daidai ba, matacin zai nemi amsa-kuwwa a inda ba ta nan. An yi masa kwaskwarima biyu: an ƙara tsawon matacin zuwa kimanin milisakan 128, an kuma ƙara masa yanayin da zai ƙiyasta jinkirin da kansa. Duka biyun faci ne a kan tsohon gini.

Daga wajen 2017 Google ya fara shigo da sabon da aka rubuta daga tushe, mai suna AEC3, wanda cikin 'yan shekaru ya maye gurbin na kwamfutar gaba ɗaya. AEC3 yana aiki da ƙananan gutsattsari masu awo 64, wato milisakan 4. Yana gano jinkiri ne ta hanyar kwatanta abin da aka fitar da abin da ya dawo, ba ya jiran na'ura ta faɗa masa gaskiya. Yana tafiyar da matatai biyu a lokaci guda, ɗaya mai saurin koyo, ɗaya mai taka-tsantsan, ya ɗauki sakamakon wanda ya fi dacewa. Wannan na taimakawa idan mutum ya motsa kwamfutarsa ko ya rufe ƙofa, yanayin ɗakin ya sauya farat ɗaya. Yana kuma auna yadda cirewar ta yi nasara kafin ya yanke yawan dannewar da zai yi, yana lura da ko na kusa ne ke magana don ya sassauta, kuma yana gane lokacin da babu amsa-kuwwa sam, misali idan an sa iyafis, ya bar sautin ya wuce. A inda ya danne sauti yakan zuba wata 'yar hayaniya mai kama da ta ɗakin, domin shiru tsit yakan sa mai sauraro ya zaci layin ya katse. Daga baya an ƙara masa iya aiki da makirufo da lasifika fiye da ɗaya.

Wani sauyin ya shafi wurin da ake yin aikin. Da farko Chrome yana cire sautin da ya zo ta hanyar kiran kaɗai. Idan shafin ya kunna wani sauti ta wata hanya, ko wani shafi na daban yana kunna bidiyo, mai kashe amsa-kuwwa bai san da shi ba, sai ya wuce zuwa ɗaya ɓangaren. Masu gina shafuka sun daɗe suna yin dabarar tura sautinsu ta wani kiran bogi a cikin burauzar don kawai a lissafa da shi. Daga baya aka mayar da sarrafa sauti zuwa sashen sauti na burauzar, inda ake ganin duk abin da Chrome ke fitarwa.

A wayoyin hannu sau da yawa ba na WebRTC ake amfani da shi ba. A iPhone tsarin Apple ne ke kashe amsa-kuwwa. Android kuma tun fitowa ta 4.1 a 2012 ya ba manhajoji hanyar kunna wanda mai ƙera wayar ya saka. Wannan na rage cin batir, kuma mai ƙera waya ya fi kowa sanin lasifikarsa, amma ingancin ya bambanta ƙwarai, har ta kai kundin WebRTC na Android ya taɓa riƙe jerin wayoyin da ba a yarda da nasu ba.

Rage hayaniya

Tsohuwar hanyar, wadda har yanzu ita ce ke cikin libwebrtc, tana sauraron sautin na ɗan lokaci ta ƙiyasta yawan hayaniyar da ke kowane zango, sannan ta rage ƙarfin zangon da hayaniya ta rinjayi murya. Tana da matakai huɗu na ƙarfi, masu rage kimanin desibel 6, 12, 18 da 21. An sake rubuta ta daga yaren C zuwa C++, amma dabarar ba ta sauya ba. Tana aiki sosai a kan hayaniyar da ba ta sauyawa, kamar ta fanka, na'urar sanyaya ɗaki ko janareta da ke nesa. Kukan jariri, haushin kare, hon ɗin mota ko faɗuwar kwano kuwa suna wucewa, domin kafin ta gane su sun riga sun ƙare. Idan aka ƙure ta kuma murya takan fito kamar daga cikin ruwa.

Ƙarar madannan kwamfuta ta samu kulawa ta musamman, tunda makirufon kwamfutar tafi-da-gidanka yana dab da su. An ƙara wani sashe mai danne gajeren sauti mai kaifi, wanda ke samun labari daga burauza cewa ana danna madanni a daidai lokacin.

Sauyi mafi girma daga wajen Google ya zo. A 2017 Jean-Marc Valin, lokacin yana aiki da Mozilla, ya saki RNNoise a ƙarƙashin gidauniyar Xiph.Org. Maimakon ƙa'idojin da injiniya ya tsara da hannu, an horar da wani ƙaramin tsarin ƙirƙirarriyar basira da muryoyin da aka gauraya da hayaniya iri-iri, har ya koyi rarrabe su. Abin da ya sa ya karɓu shi ne ƙanƙantarsa. Bai bar wa basirar dukkan aikin ba: ya raba sauti zuwa zango 22, aikinta kawai ta faɗi yawan abin da za a rage a kowanne, sauran lissafi ta tsohuwar hanya ake yi. Abin da ta koya bai wuce kilobait 85 ba, don haka yana aiki a ƙaramar na'ura ba tare da jinkiri mai yawa ba. Mumble da OBS Studio sun saka shi, Jitsi Meet kuma yana tafiyar da shi a cikin burauza. Daga 2020 kamfanin Microsoft ya fara shirya gasa ga masu bincike kan rage hayaniya da kashe amsa-kuwwa da irin wannan fasaha, tare da sakin bayanan horarwa ga kowa.

Wurin da ake rage hayaniyar yana da alaƙa da sirri. WebRTC tana kulle sauti kafin ya bar na'ura, kuma duk sarrafawar da aka bayyana a sama kafin kullewar ake yin ta. Mai rage hayaniya da Google Meet ya fito da shi a 2020 a lokacin a kan sabar kamfanin yake aiki, ba ya kuma cikin buɗaɗɗen kundin. Hakan na yiwuwa ne kawai idan sabar na iya buɗe sautin. Manhajar da ke kulle kira daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar Signal, ba ta da wannan zaɓi, dole komai ya gudana a wayoyin masu kiran.

Daidaita ƙarfin murya

Wani na manne da makirufo, wani na nesa da shi, kuma a taro ana so a ji su kusan daidai. Tsohon mai daidaitawa yana da hanyoyi uku: ya motsa ma'aunin makirufo na tsarin kwamfutar da kansa, ko ya ƙara ƙarfi ta lissafi gwargwadon buƙata, ko ya ƙara adadi tsayayye. Hanyar farko ce ta fi jawo ƙorafi, domin mutum zai saita makirufonsa, ya gama kira ya tarar burauza ta sauya masa shi a dukkan manhajoji. Na biyu, AGC2, yana da mai hana sauti fashewa idan ya kai ƙololuwa, da kuma mai gane murya da aka gina a kan dabarar RNNoise. Amfaninsa shi ne kada a ƙara ƙarfi lokacin da babu mai magana, wanda shi ke sa hayaniyar ɗaki ta taso a hankali duk lokacin da aka yi shiru.

Matse sauti da cike giɓi

G.711, wanda aka tsara tun 1972 don tarho, yana cin kilobit 64 a daƙiƙa kuma yana ɗaukar siririn zangon murya kawai. An bar shi ne don a iya haɗuwa da layukan tarho. Wanda ake amfani da shi a zahiri shi ne Opus, da IETF ta fitar a RFC 6716 a watan Satumban 2012. An haɗa shi daga SILK na Skype, mai kyau ga magana, da CELT na Xiph.Org, mai kyau ga kiɗa da ƙarancin jinkiri. Yana aiki daga kilobit 6 zuwa 510 a daƙiƙa. A WebRTC yawanci ana aika ƙunshi ɗaya duk milisakan 20, wato 50 a daƙiƙa, da kimanin kilobit 32. Bayan Opus ya kafu iSAC ya rasa amfani, kuma an cire shi daga Chrome a fitowa ta 110 a farkon 2023.

Ƙunshin sauti ba sa isowa a jere kamar yadda aka aika su. Wasu kan makara, wasu kan ɓace, kuma a kira babu lokacin jiran a sake aikowa. Aikin NetEQ ke nan. Yana riƙe ɗan sauti a ajiye gwargwadon yadda layin ke rawa. Idan ajiyar ta yi yawa sai ya gaggauta maganar kaɗan ta hanyar cire maimaituwar da ke cikin wasula, idan ta kusa ƙarewa ya ja ta, duka ba tare da kaifin murya ya sauya ba. Idan ƙunshi ya ɓace yakan ƙirƙiri ci gaban sautin daga abin da ya gabata, yana rage ƙarfinsa a hankali. Muryar nan mai kama da ta mutum-mutumi da ake ji idan sabis ya yi rauni yawanci daga nan take fitowa.

Hanya ta biyu ita ce aika sauti sau biyu. Opus na iya saka ƙaramin kwafin yankin da ya gabata cikin ƙunshi na gaba, wanda ke maganin ɓatan ƙunshi ɗaya amma ba da yawa a jere ba. A 2021, a fitowa ta 96, Chrome ya buɗe damar amfani da RED, wata tsohuwar ƙa'ida ta 1997 mai lamba RFC 2198, wadda ke maimaita ƙunshin baya gaba ɗaya, da sharaɗin cin ƙarin data. Opus 1.5, da aka saki a watan Maris na 2024, ya shigo da ƙirƙirarriyar basira nan ma: tana cike giɓi da sautin da ya fi kama da magana, kuma wani sashe mai suna DRED na iya cusa kusan daƙiƙa guda ta maganar baya cikin kowane ƙunshi a matse ƙwarai. Google kuma ya saki Lyra a 2021, mai aika magana da kilobit 3 a daƙiƙa, sai dai ba ya cikin waɗanda ƙa'idar WebRTC ta wajabta.

Abin da shafi ke iya kunnawa ko kashewa

Shafin da ke neman makirufo yana iya faɗa wa burauza abin da yake so ta saituka uku da W3C ta amince da su: echoCancellation, noiseSuppression da autoGainControl. Kafin su Chrome yana da nasa saitukan masu farawa da goog, waɗanda ba sa aiki a sauran burauzoji, kuma an yi ta janye su a hankali.  Shafi ba ya iya zaɓar matakin rage hayaniya, kuma idan burauza ta sauya sashen da ke ciki sautin shafin zai sauya ba tare da mai shi ya taɓa komai ba.

Dukkan sassan don magana aka gina su, shi ya sa suke ɓata kiɗa. Mai rage hayaniya yana ɗaukar dogon sautin sarewa ko goge a matsayin hayaniya ya danne shi, mai daidaita ƙarfi kuma yana share bambancin da ke tsakanin sauti mai taushi da mai ƙarfi. Malaman kiɗa da masu watsa shiri kan kashe duka ukun su sa hedifon. Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da aka yi don makaɗa, kamar Jamulus da JackTrip, ba su bi hanyar WebRTC ba, sun fifita ƙarancin jinkiri da barin sauti yadda yake.

Tasiri a kan sauran manhajoji

Sashen sarrafa sauti ya yi amfani har a wajen burauza. Kafinsa abin da masu buɗaɗɗiyar manhaja suka fi samu kyauta shi ne mai kashe amsa-kuwwa na Speex. Arun Raghavan, ɗaya daga masu kula da PulseAudio na Linux, ya ware sashen ya mai da shi kundi mai zaman kansa da sunan webrtc-audio-processing, kuma PulseAudio 2.0 na 2012 ya fara amfani da shi. GStreamer da PipeWire su ma da shi suke aiki, PJSIP kuma ya ɗauki masu kashe amsa-kuwwa na WebRTC cikin zaɓuɓɓukansa.

Wannan dogaro yana da nasa nauyin. Ana rubuta libwebrtc ne da buƙatun Chrome a gaba, ba a yi alkawarin cewa hanyoyin da wasu manhajoji ke kiran sa za su tsaya yadda suke ba, kuma abin da Google ya daina amfani da shi yakan fita daga kundin. Mozilla na riƙe da nata kwafin da take haɗawa da sabon lokaci-lokaci, Signal ma haka a cikin RingRTC. Ƙananan ayyuka kuwa kan daɗe a kan tsohon kwafi: webrtc-audio-processing ya yi shekaru a fitowa ta 0.3 da tsohon mai kashe amsa-kuwwa, bayan Chrome ya riga ya koma AEC3.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na sashen da ke haɗa makirufo biyu ko fiye don ya mai da hankali ga inda mai magana yake, ya rage sautin da ke zuwa daga gefe. PulseAudio 9.0 ya ba masu amfani da Linux wannan dama a 2016. Google ya cire sashen daga libwebrtc daga baya. Da PulseAudio 17.0 ya koma sabon kundin a watan Janairun 2024, masu amfani da shi sun samu AEC3, amma sun rasa wancan sashe.